Gaisuwar Suruki a Kan Babur

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gaida surukina a kan babur ba. Har yau in na tuna sai in ji bayana ya kama ƙaiƙayi, kuma in kun yi haƙuri da ni za ku ji dalilin ƙaiƙayin.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in da 'yan kai ne, ina saurayi mai ji da kansa, aka turo ni Zuru daga Argungu a matsayin malamin gona. Aikina shi ne in bi ƙauyuka ina nuna yadda ake zuba takin zamani. Da keke nake yawon, kuma duk wanda ya san hawa da gangaren ƙasar Zuru ya san rabin tafiyar ni nake hawan keken, rabi kuma keken ne yake hawana. Ana nan sai aka kawo wa ofishinmu babura. Shugabanmu ya tara mu ya ce magana ɗaya ce: wanda ya sami lasin zai karɓi babur, ya zauna cikin garin Zuru, ya riƙa fita ƙauyuka da safe yana dawowa da yamma. Wanda bai samu ba kuwa za a kai shi wajen Sakaba ya tare can da kekensa, kusa da manoman da zai riƙa dubawa.

Ba wai Sakaba tana da wani aibu ba. Matsalar ita ce Rabi, ɗiyar Alhaji Ummaru mai hatsi. An riga an yi mana baiko, ana maganar sa rana bayan an gama kaka. Alhaji kuwa, mutumin Jega ne da ya daɗe yana fataucin dawa a Zuru, ya riga ya aiko wa kawuna da saƙo cewa ɗiyarsa ba za ta fara zaman aure nesa da uwarta ba. In an ɗauke ni daga gari, sai a jingine maganar har in dawo. Ni kuma na san yawan samarin da ke bi ta ƙofar gidan nan da yamma suna yi kamar hanya ce ta biyo da su. Saboda haka a wurina lasin nan da ɗaurin aure abu ɗaya ne.

Ofis ya ɗauko mana mai koyarwa, wani tsohon soja mutumin Dabai, ana ce masa Saje Bawa. A soja aikinsa ke nan, kai saƙo a kan babur, ya yi shi tun kafin yaƙin basasa har aka gama. Gajere ne kakkaura, gashin bakinsa a gyare, kakinsa kullum a goge ko da kuwa tun asuba yana gona. Baburinsa ya girmi namu nesa ba kusa ba, amma ya fi fuskokinmu tsabta. Ranar farko, kafin ya ce mana komai, ya hau ya zaga filin makarantar da muke koyon. Mu muna jiran mu ga gudu irin na soja, sai muka ga mutum yana tafiya a hankali, a hankali, har wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta biyo gefen fili, ya jera da ita suna gaisawa da yarensu, bai sa ƙafa a ƙasa ba, kan babur bai ko girgiza ba. Da ya dawo ya kashe inji ya ce, "Gudu kowane wawa ya iya. Wanda ya iya tafiya a hankali shi ne direba."

Ni dai tun daga nan mutumin ya shiga raina, ko da yake ban nuna ba.

Sai ya juyo kaina. (Na zo ne da babbar riga mai aska, da hula zanna, da takalmi fade, don a ganina ranar fara hawan babur ranar ado ce.) Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, ɗaurin aure za ka?"

"A'a, Saje, koyon babur na zo."

"To wannan riga taya na son ta fiye da yadda kake son ta. In ta ja ta, da kai za ta haɗa. Gobe ka zo da wando da taguwa da takalmi sau-ciki."

Kwanakin farko bai bar mu mun ko buga kik ba. Turawa muke yi, mu zaga fili da babur a hannu kamar masu kai rago kasuwa, mu kwantar da shi, mu ɗaga, mu kafe, mu sake turawa. Ya ce wanda bai san nauyin abu ba bai kamata ya hau shi ba. Da muka fara tashin inji kuma sai ya jera gwangwanayen madara a fili muna bi tsakaninsu. Ya koya mana alamar hannu, ta kwana da ta rage gudu da ta tsayawa. Ya koya mana waiwaye kafin kowace kwana, har wuyana ya yi tsami. Ya ce in akuya ta tsallaka titi kada ka kalle ta, ka nemi 'ya'yanta, suna nan tafe a baya. Ya ce in ka ga rami kada ka zuba masa ido, ka dubi inda kake son bi, don babur idonka yake bi. Ya ce ko da yake an daɗe da komawa tuƙin hannun dama, akwai tsofaffi masu jakuna da har yanzu labarin bai kai gare su ba, ka ba su hanya. Hular kwano kuwa da kansa ya kai mu shagon Mista Ema mai kayan babur, ya gwada wa kowa daidai kansa, kuma kullum kafin ka hau sai ya cusa yatsa ƙarƙashin haɓarka ya ji ko igiyar ta ɗauru. Ban taɓa ganin ya gaji ba, ban kuma taɓa jin ya zagi kowa ba. In ka yi shirme sai ya ce, "Sake," ya koma ya harɗe hannu.

Ba don in yabi kaina ba, na koya da wuri. Gwangwanayen nan har na fara bin su ina fito. Ciwona guda ɗaya ne: gaisuwa.

Ku fahimce ni. A gidan da na tashi, mahaifina yana iya yafe maka fasa tulu, yana iya yafe maka ɓatar da akuya, amma ka wuce babba ba ka tuɓe takalmi ka durƙusa ba, ranar sai maƙwabta sun zo ceto. Abin ya bi jikina har ya zama ba sai na yi tunani ba. In na hangi furfura, gwiwata da kanta take lanƙwashewa. To filin makarantar nan hanya ce ta masu zuwa gona. Duk dattijon da ya gifta, sai dai in ga hannuna na dama ya saki totur ya tashi sama a dunƙule, bakina yana "Barka da hantsi, Baba," babur yana tangaɗi.

Saje ya tsayar da ni. "Malam, wannan hannu na wa ne?"

"Nawa ne, Saje."

"A ƙasa naka ne. In ka hau, na totur ne da birki. Sai na ce ka ba da alama za ka ɗaga shi, shi ma ka maido da sauri."

"To in gaida mutum da hagu? Ai zagi ne."

"Da hagun ma ban ce ba. Ka gyaɗa kai ka wuce. In mutumin ya fi ƙarfin gyaɗa kai, ka waiwaya, ka ba da alama, ka sauka gefe, ka kafe babur, sannan ka durƙusa har gobe in kana so."

Na ce to. Amma a zuciyata na ce wannan soja ne, bariki ta cinye masa ladabi. (Allah Ya yafe mini. Mutumin da daga baya na gan shi a Dabai ya durƙusa gaban yayar mahaifiyarsa har goshinsa yana neman taɓa ƙasa.)

Ranar gwaji ta zo. Mai gwajin daga Sakkwato yake zuwa, kuma ba kullum ba, in ka rasa shi sai ka jira wata da watanni. Dogo ne mai tabarau, irin mutanen da ko atishawa suka yi sai ka ji kamar umarni ne. Ni kuwa tun kwana biyu kafin nan na aika wa Rabi ta bakin ƙawarta cewa ta fara shirin jin ƙarar babur a ƙofar gida. Tsarin gwajin mai sauƙi ne: ka gama da gwangwanaye a fili, sannan ka fita titin Dabai, ka yi 'yar tafiya, ka juyo. Saje yana biye da kai a baburinsa, mai gwaji yana zaune a bayansa yana kallon duk abin da kake yi.

Gwangwanaye na wuce su lafiya. Na waiwaya, na ba da alama, na hau titi kamar an haife ni a kai. Iska tana kaɗa ni, ina jin ƙarar baburin Saje a baya, har na fara tsara yadda zan tsaya a ƙofar gidan su Rabi in ɗan murɗa totur sau biyu kafin in kashe.

Abin da ban sani ba shi ne, ranar Alhaji Ummaru bai zauna rumfarsa ta kasuwa ba. Ya fito masussukar da ke bakin titin Dabai don ya ga dawar da zai saya da idonsa. Ina shan wata 'yar kwana sai ga shi a gindin ɗorawa, zaune a kan tabarma da abokansa biyu, da farin rawaninsa, ga mata can gefe suna sheƙa. Kuma ya ɗago kai. Kuma idonmu ya haɗu.

Jama'a, ban san wanda ya ba da umarni ba, amma ba ni ba ne. Duk abin da Saje ya zuba mini a kai ya tashi, tarbiyyar gidanmu ta karɓi tuƙi. Hannun dama ya saki totur ya tashi sama. Wannan kaɗai da sauƙi. Amma suruki ai ba a gaishe shi da takalmi, saboda haka ƙafata ta dama ta bar kan birki ta shiga kokawar zare takalmi, ta hagu ita ma ta ce ba za a bar ta a baya ba, garin fizge dunduniya ta taka giya. Suruki kuma ba a gaishe shi a tsaye, saboda haka sai ga ni ina ƙoƙarin durƙusawa a kan babur mai tafiya, na zame daga kan kujera na rungumi tanki, na sunkuyar da kai ƙasa kamar yadda aka koya mini, wato na daina ganin titi ɗungurungum. Da na ji babur yana rawa sai na cafko totur da ƙarfi don in riƙe wani abu. Na murɗe shi har ƙarshe.

Babur ya yi wata kuwwa, ya bar titi, ya bi ta gaban tabarmar Alhaji, kusa ƙwarai har rawaninsa ya kaɗa, ya nufi wurin masu sheƙa. Mata suka watsar da ƙorai suna salati. Can ƙarshen masussuka akwai tulin ƙaiƙayin dawa da aka tara tun farkon kaka, ya kusa kai tsayin mutum. Babur ya tsaya a gindinsa. Ni ban tsaya ba.

Da kai na shiga. Abin da aka gani a waje, in ji waɗanda suka ba da labari daga baya (kuma sun ba da shi har Wasagu), ƙafafu biyu ne suna harbin iska, ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Wanda ya fara isowa Saje ne. Na ji an kashe injin baburina, sannan aka kama ƙuguna aka zaro ni a hankali. Bai bar ni na tashi ba. Ya dafa ƙirjina ya ce, "Kwanta. Motsa yatsun ƙafa. Na hannu. Juya wuya a hankali. Ina ke ciwo?" Ya ƙwanƙwasa hular kwanona, wadda ta bugi wani dutse a cikin tulin har ta loɓa, amma tana nan daram a kaina saboda da hannunsa ya ɗaure ta da safe. Fuskarsa babu dariya, babu fushi. Sai da ya tabbata ƙashina ɗaya bai goce ba sannan ya ce, "Tashi."

Na tashi, sai ga Alhaji Ummaru tsaye a gabana da abokansa. Me kuke tsammani na yi? Na tuɓe takalmin da ya rage, na durƙusa, ƙaiƙayi yana zubowa daga hancina da kunnuwana, na ce, "Barka da hantsi, Baba."

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Barka kadai. Wagga wace irin gaisuwa ta? Mu dai a Jega ba mu san ta ba."

Ɗaya daga cikin abokansa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Matan nan kuwa ba su ɓoye dariyarsu ba, har da mai zama ƙasa tana riƙe ciki. Kuma a daidai lokacin ne ƙaiƙayin ya fara aikinsa. Wanda bai taɓa shiga ƙaiƙayin dawa da gumi a jikinsa ba, ba zan iya yi masa bayani ba. Ya shiga taguwa, ya shiga wando, ya shiga wuraren da ban san ina da su ba. Ga shi ba a susa a gaban suruki. Haka na ci gaba da durƙuso ina mutsu-mutsu, hawaye na zuba, ina amsa "Lafiya lau, Baba" ga tambayoyin da ba a yi mini ba.

Mai gwaji ya gyara tabarau ya ce, "Na daɗe ina wanga aiki. Na ga wanda ya faɗi don tsoro, na ga wanda ya faɗi don gudu. Yau na ga wanda ya faɗi don ladabi. Malam, ba ka ci ba."

Nan take na ga Sakaba a gabana, na ga kekena, na ga samarin ƙofar gidan su Rabi suna gyara hula. Wallahi kunya ta koma gefe, baƙin ciki ya maye wurinta.

Sai Saje ya ƙame, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa, bai ci ba. Ko ni ne ba zan ba shi ba. Amma ka ga aikinsa a fili, ka ga yadda ya hau titi. Tuƙi ya iya. Ciwo ne da shi, kuma na san maganinsa. Gobe sai da hantsi motarka za ta tashi. Ka ba ni shi yau, ka sake gwada shi da safe. In ya ɗaga ko ɗan yatsa, ni da kaina zan ɗaura masa kaya a keke."

Mai gwaji ya dubi Saje, ya dubi abin tausayin da ke durƙushe, ya ce, "Don kai, Saje. Da safe."

Muka turo babur zuwa gari, ni da Saje, ina tafe ina susa kamar biri tunda yanzu babu suruki. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Muna da wani a soja, tare muka koyi babur, ya fi ni iyawa. Wata rana yana tafe da saƙo ya hangi babban hafsa a bakin hanya, ya ɗaga hannu ya sara masa. Akwai tirela a kwanar. Hafsan bai ma san an gaishe shi ba." Ya yi 'yan taku. "Ni na kai kayansa gida wurin uwarsa. Shi ya sa nake damun ku." Kunyar da na ji a lokacin, ta tunanin da na yi cewa ba shi da ladabi, ta fi ta tulin ƙaiƙayi.

Ya ce in je in yi wanka in same shi a fili bayan la'asar. Na zo ina tsammanin gwangwanaye. Ina shiga fili sai na ga benci a tsakiya, a kan bencin kuma Alhaji Ummaru ne, da abokansa biyu, da limamin unguwarmu, da wani tsoho mai sanda da ban ma san shi ba. Ashe Saje gida-gida ya bi ya ɗauko su. Yadda ya shawo kan Alhaji ya bar ciniki ya zo ya zauna a filin makaranta, har yau ban sani ba.

"Hau," in ji Saje. "Ka zaga, ka bi ta gabansu. Hannu a kan totur, ido a gaba."

"Saje, don Allah..."

"Hau."

Zagayen farko hannuna ya tashi. "Sake." Na biyu gwiwata ta lanƙwashe. "Sake." Na uku na daure har na zo daidai benci, sai Alhaji, wanda ashe abin ya fara yi masa daɗi, ya ɗaga murya ya ce, "Af, Malam, ba gaisuwa? Mi munka yi maka?" Hannu ya tashi. Dattawa suka fashe da dariya, liman har da share hawaye da gefen rawani. "Sake."

Haka muka yi ta yi. Tsofaffin nan suka mai da abin wasa, wannan ya yi mini sallama, wancan ya tambayi mutanen Argungu, mai sanda ya riƙa cewa yaran zamani ba su da kunya. Ni kuwa ina wucewa ina cizon leɓe, ina jin kamar mahaifina yana tsaye a bayana da tsumagiya. Saje yana tsaye a rana, hannu a harɗe, ba ya dariya, ba ya gajiya. Sai da rana ta yi ja sannan na fara wucewa hannuna bai motsa ba, na sake wucewa, na sake. Ya ce, "Yanzu yi ta daidai." Na waiwaya, na ba da alama, na sauka gefe, na kashe inji, na kafe babur, na cire hular kwano, na tuɓe takalmi, na tako na durƙusa a gaban benci.

Alhaji ya bar dariya. Ya ce, "Tashi, ɗana, ka ji ni da kyau. Gaisuwarka ta bisa babur na yafe ta, daga yau har ranar da ɗayanmu ya bar duniya. In ka gane ni bisa hanya, wuce abinka, gida na nan. Ni miji nika nema ma ɗiyata, ba gawa mai ladabi ba."

Washegari da safe mai gwaji ya hau bayan Saje, muka sake fita titin Dabai. Bayana yana ƙaiƙayi har lokacin. Muna shan kwanar nan sai ga tabarma a gindin ɗorawa, ga farin rawani. Alhaji ya dawo ƙarasa cinikin dawarsa, ko kuma ya dawo kallo, Allah ne Masani. Ya ɗago kai. Na ji hannuna na dama yana zillo kamar ɗan akuyar da aka ɗaure. Na matse shi a kan totur, na ɗan gyaɗa kai, na wuce surukina kamar ban taɓa cin tuwon gidansa ba. Matan masussuka suka rangaɗa guɗa.

Da muka dawo fili mai gwaji ya sauka ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Ka ci." Na juya wurin Saje ina neman kalmar godiya. Shi kuwa ya cusa yatsa ƙarƙashin haɓata, ya ja igiyar hula, ya ce, "Ta yi sako-sako. Gyara." Iyakar taya murnar da na samu ke nan, kuma ban taɓa samun wadda ta fi ta daɗi ba.

Ban je Sakaba da zama ba, sai dai da aiki, in je in dawo. Aka ɗaura aure bayan kaka, Saje ya zo da kakinsa a goge ya zauna cikin dattawa. Na yi shekaru ina bin hanyoyin ƙasar Zuru da damina da rani, na ga abokan aiki da aka kwasa a kwana saboda sun juya amsa sallama, ni kuwa ban sake faɗuwa ba. A ƙauyuka da yawa an yi ta cewa malamin gonan nan girman kai gare shi, yana wuce mutane ko hannu ba ya ɗagawa. Na ji, na haɗiye, in na sauka in bi su ɗaya bayan ɗaya in gaisar.

Darasin da na koya shi ne, ladabi ma sai an nemi gefen hanya an kafe babur kafin a yi shi. Sai dai Rabi ta ce na koyi darasin har ya wuce kima. Yanzu da jikokinmu da komai, duk safiyar da na fito ɗaki da tunani a kaina na wuce ta a tsakar gida ban ce mata ina kwana ba, sai in ji muryarta a bayana: "Malam, in ka samu wurin fakin, muna nan."